Barhon da ya karye ranar Layya

Shekarata ta uku a maƙera wani mahauci ya ba ni aikin barho na saran ƙashi, ana saura mako guda Babbar Sallah. Na ɗauko tsohon magagari na ƙera masa, don na ga babu ƙarfen da ya kai shi tauri. Kaifi kam ya yi, har gashin hannuna na aske da shi ina nuna wa mutane. Ranar Layya ya sari ƙafar sa sau biyu, a na uku barhon ya rabe gida biyu, guntun ya wuce ta gefen kunnen yaronsa. Allah ne ya tsare.

Samari, wuƙar yanka daban, wuƙar sara daban. Magagari yana da sinadarin kabon wajen kashi 1 cikin 100, shi ya sa yake riƙe kaifi, shi ya sa kuma yake da gautsi. Adda ko barho duka suke sha, ƙarfe mai juriya suke so. Ku nemi sifirin ɗin mota, wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a ƙasa. Yawancinsa kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin 100 ne, yana lanƙwasa ya dawo. Rodin gini kuwa kada ku ɓata gawayinku a kansa.

Amma sifirin ma ya taɓa kunyata ni. Na sayo wani a Panteka ta Kaduna saboda arha, ashe ya gaji da ɗaukar lodi, tsaga ta ɓuya a ƙarƙashin tsatsa. Sai da na gama wahalar duka sannan ta buɗe. Yanzu sai na kankare shi fes na duba, kuma ina guje wa wajen ramin ƙusa na tsakiya.

Sai wajen tsomawa, inda gaggawa ta fi cin mu. Ku gasa ƙarfen har maganaɗisu ya daina kama shi, ku ɗan ƙara kaɗan, ku tsoma a mai mai ɗumi. Ruwa fasa shi yake yi. Bayan nan a mayar da shi wuta a hankali har bakin ya yi launin kara, gadon bayan ya yi shuɗi.

Ni yanzu barho ba ya barin hannuna sai na sari busasshen ƙashi da shi sau goma. Mahaucin nan kuwa, sai da aka shekara biyu ya sake tako ƙofata.