Faɗuwar Gaba Saƙo Ce, a Tsaya a Saurare Ta

A nan Zariya, idan mutum ya ce gabansa na faɗuwa, amsar da ya fi samu ita ce ya cire abin a ransa, wani lokaci har a zarge shi da ƙarancin tawakkali. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma a ganina muna sallamar ɗan aike ne tun bai isar da saƙonsa ba.

Abin da ke faruwa a jiki sananne ne. Da zarar wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ya hango haɗari, sai jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sama-sama, baki ya bushe, domin mutum ya kasance cikin shirin kare kansa. Shi ya sa ɗalibar Samaru da barci ya ƙaurace wa ana gab da jarrabawa, da mai shago a Sabon Gari da cikinsa ke ɗurar ruwa duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara, bai kamata a ce musu raggwaye ba. Ita jikinta yana tuna mata darasin da ta tsallake, shi kuma bashin da ya ƙi zama ya lissafa.

Abin da nake ba da shawara shi ne mutum ya zauna ya tambayi kansa takamaiman abin da yake tsoron rasawa, ya rubuta shi a takarda, sannan ya ware wanda ke hannunsa ya fara aiki a kai, ya bar wa Allah sauran. Ai an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin mu dogara.

Akwai kuma fargabar da ta zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da ita a shekarar 2019. Idan zullumi ya kai wata shida yana hana barci da aiki, a ga likita. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. A kuma gaya wa likita yawan goro da shayin da ake amfani da su, domin su ma suna ƙara bugun zuciya.