Inda Za Ka Ɗaura Kafasita a Amfilifayar Bawul

Samari masu haɗa amfilifayar bawul (kwan gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti) da hannunsu sukan fara da jera bawul da taransifoma, in an gama kuma sai a cusa kafasitocin tace wuta a duk lungun da ya rage. Daga nan matsala take farawa. Wurin kafasita shi za ka fara shatawa kafin ka huda farantin ƙarfen.

Zafi ne babban abokin gabarsa. A cikinsa akwai takarda jiƙe da ruwan sinadari, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwarsa. Gilashin bawul irin EL34 ko 6L6 kan wuce digiri 200 yana cikin aiki, ga shi a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu iskar ɗaki kanta tana kai digiri 40. Saboda haka ka sayi mai alamar digiri 105, ka bar mai 85. Ka nesanta shi da bawul ɗin ƙarfi da na gyara wuta (mai mai da AC zuwa DC) aƙalla santimita 5, in da hali ka mai da shi ƙasan faranti, bawul suna sama. A can ƙasan ma ka kula da manyan rezistoci, musamman na katod ɗin bawul: zafi sama yake tashi, kada kafasita ya zauna a bisa kansu.

Sai maganar volt. Taransifoma mai ba da 300, in ka bi da shi ta dayod, kafasita zai ga kusan 424 da zarar ka kunna, tun bawul ba su yi ɗumi sun fara jan wuta ba. In janareta ya turo 250 maimakon 230, ka haura 460, mai 450 kuwa ya shiga uku. Ka sa mai 500, ko ka jera biyu masu 350 ɗaya bayan ɗaya, kowanne da rezista 220k mai wat 2 a kansa don su raba nauyi daidai. Biyu masu maikurofarad 100 a irin wannan jeri 50 suke bayarwa. Abin da ake yawan mantawa: gwangwanin kafasitan da ke sama a jerin yana iya ɗaukar rabin wutar, to kada rigar robarsa ta yage, kada kuma ya taɓa faranti.

Idan bawul ne ke gyara maka wuta, kar ka zari babban kafasita a farko wai don kashe ƙugi. Bawul GZ34 iyakarsa maikurofarad 60, EZ81 50, 5U4GB 40. Ka wuce haka, za ka ga tartsatsi a cikin gilashi.

Ɗaurin kansa fa? Ƙafafun kafasita ba su ne za su riƙe nauyinsa ba. Amfilifayar da ake ɗorawa a kan lasifika ko a ɗauka a babur, girgiza takan karya ƙafar daidai bakin dalma, waya mai volt 400 ta dinga lilo a ciki. Babban gwangwani a sa masa zoben ƙarfe daidai faɗinsa, a ɗaure da noti biyu, amma ban da matsewa har ya lotsa. Ƙanana a kwantar da su a kan allon da ba ya ɗaukar wuta, a ɗaure da igiyar roba. Gam ɗin kyandir kuwa, ni ban yarda da shi a nan ba, da zafi ya yi yawa sai ya saki. Silikon ya fi, amma ba mai warin tsami ba, wannan yana cin tagulla. Ka duba kan kafasitan, za ka ga tsaga kamar gicciye. Ta nan yake fashewa in ya kumbura. Ka bar mata sarari, kada ka shafe ta da gam, kada kuma ta fuskanci inda fuskarka take lokacin gwaji.

Ƙugin da ya ƙi ji yawanci daga wayar nagetif yake. Nagetif ɗin kafasita na farko ya tafi kai tsaye zuwa wayar tsakiyar taransifoma da gajeriyar waya mai kauri, daga nan ne za a kai shi mahaɗar at, wato layin ƙasa. Kada ya haɗa hanya da at ɗin bawul na farko, inda sauti yake da rauni. Kafasitan bayas, wato wutar nagetif da ke daidaita bawul ɗin ƙarfi, shi kuma a juye yake, fozitif ɗinsa ne ke zuwa at. Ka sa shi akasin haka, zai fashe.

Ka sa rezista 220k mai wat 2 a kan kafasita na farko ta zauna dindindin, ita za ta zuƙe wutar bayan an kashe. Maikurofarad 100 na buƙatar kusan minti biyu. Duk da haka kada ka amince, don rezista na iya tsinkewa ba ka sani ba. Cire fulogi, maƙala baƙar wayar mita a faranti, ka auna da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Sai ka ga ƙasa da volt 10 za ka ɗauki ayan ɗin narka dalma. Haɗa ƙafafun da sukudireba kuwa yana ɓata kafasitan, ya kuma watso maka narkakken ƙarfe.