Ƙaramar ƙasa ma tana da manyan ɓarayi

Duk shekara idan ƙungiyar Transparency International ta fitar da jadawalinta na cin hanci da rashawa, sai wata magana ta fara yawo: wai ƙasashen da ke sama, wato masu yawan maki saboda ƙarancin cin hanci, duk ƙanana ne, saboda haka girma ne ke ɓata ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Denmak da ta sami maki 90 cikin 100 a 2023, da Finlan da Niyu Zilan da Singafo, kowace mutanenta tsakanin miliyan 5 ne zuwa 6. Indiya da Sin kuwa, masu mutane biliyan 1.4 kowace, maki 39 da 42 suka tashi da shi.

Ni dai maganar ba ta gamsar da ni ba, domin masu yin ta kan jadawalin kawai suke dubawa, ba sa leƙa gindinsa. A can ƙasa akwai Ikwatoriyal Gini, wadda mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, ga man fetur kwance, amma maki 17 ta samu. Mutum ɗaya, Teodoro Obiang, yake mulkinta tun 1979. Ɗansa Teodorin, wanda shi ne mataimakin shugaban ƙasa, wata kotu a Faransa ta same shi da laifin wawure dukiyar jama'a a 2017, sannan a 2019 hukumomin Siwizalan suka yi gwanjon motocin alfarma 25 da aka ƙwace daga hannunsa, aka tara kusan dala miliyan 27. Motoci kawai ke nan fa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Jamus mai mutane sama da miliyan 80 ta sami maki 78 a 2023, Japan mai sama da miliyan 120 ta sami 73. Idan faɗin ƙasa ake nufi, ai Kanada da Ostireliya sun isa faɗi, kuma suna sahun gaba.

Akwai wani abu da ya fi ba ni sha'awa a wannan muhawara. Wasu masana biyu, Stephen Knack da Omar Azfar, sun nuna a 2003 cewa alƙaluman farko su ne suka ruɗi mutane. Jadawalin farko na 1995 ƙasashe 41 kacal ya ƙunsa, na 2023 kuwa 180. A wancan lokaci babbar ƙasa ba ta tsira daga awo ko yaya halinta yake, tunda masu zuba jari suna son sanin labarinta. Ƙaramar ƙasa kuwa sai mai tsari da arziki ake kulawa da ita, lalatacciyar ba wanda ya tambaye ta. Da aka shigar da sauran ƙananan cikin lissafi, alaƙar da ake taƙama da ita sai ta dusashe.

Ban ce girma ba ya taɓa komai ba. Abin da nake gani yana canzawa shi ne salon satar. A babbar ƙasa, kuɗi kan bi hannaye da yawa kafin su isa inda aka nufa: daga ma'aikatar tarayya zuwa jiha ko lardi, zuwa gunduma, zuwa ɗan kwangila, zuwa wanda ɗan kwangilar ya sayar wa aikin. Kamar ɗebo ruwa ne a kwando, kafin a iso gida ya tsiyaye. Rajiv Gandhi, yana Firaministan Indiya, ya faɗa a 1985 cewa a cikin kowace rufi ɗaya (kuɗin Indiya) da gwamnati ke kashewa don talaka, kashi 15 cikin 100 ne ke isa gare shi. Amma ko a nan, yawan hannaye da rashin mai sa ido ne matsalar. Yuganda ba wata ƙatuwar ƙasa ba ce, duk da haka bincike ya gano cewa a farkon shekarun 1990 kashi 13 cikin 100 ne na tallafin ɗalibai ke isa makarantun firamare. Da gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da take turawa a jaridu, iyaye da malamai suka san abin da za su nema, kason ya haura 80. Ƙasar ba ta ragu da taƙi ɗaya ba.

Ita kuma ƙaramar ƙasa ciwonta sanayya. Alƙali da minista ajinsu ɗaya a makaranta, mai binciken kuɗi surukin ɗan kwangila ne, editan jarida ba shi da wani wurin neman talla sai ofishin gwamnati. A irin wannan wuri ba lallai ambulan ya sauya hannu ba, kiran waya ya isa, shi ya sa ma awon ke da wuyar kama shi. Malta mutanenta kusan rabin miliyan ne, kuma mamba ce a Tarayyar Turai, amma a Oktoban 2017 aka dasa bam a motar 'yar jarida Daphne Caruana Galizia, wadda ta daɗe tana tona asirin manya, ta mutu nan take. Binciken kisan ya taɓa makusantan Firaminista Joseph Muscat har ya sauka a Janairun 2020, kuma kwamitin bincike ya ɗora wa gwamnati alhakin barin masu laifi su ji ba mai taɓa su.

Masu son misali da Singafo su ne suka fi ba ni dariya. Tsibirin nan ƙarami ne tun asali, kuma a zamanin mulkin Ingila cin hanci ya yi masa katutu. A 1951 an kama jami'an 'yan sanda da hannu a fashin wani babban kaya na ofiyom (wani abin maye), abin da ya sa a 1952 aka kafa hukumar bincike ta daban, wadda ba ta ƙarƙashin 'yan sanda. A 1960 aka yi dokar da ta bai wa kotu damar ɗaukar dukiyar da jami'i ya kasa bayanin asalinta a matsayin shaida a kansa. Aka kuma yi ta amfani da dokar a kan manya, ba masinja da direba kaɗai ba. Ko a Satumban 2024, tsohon ministan sufuri S. Iswaran ya amsa laifin karɓar kyaututtuka daga 'yan kasuwa yana kan kujera. Masu gabatar da ƙara sun nemi a ɗaure shi wata 6 zuwa 7, alƙali ya ce bai isa ba, ya ba shi wata 12.