Abin da manoman Amurka suka koya mini game da faɗuwa zaɓe

A duk karatun tarihin siyasa da na yi, babu babin da ya zauna mini a rai kamar na manoman Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Su suka nuna mini cewa jam'iyya na iya shan kaye a akwati, amma buƙatunta su yi ta tafiya bayan an binne ta.

Manomin auduga a Kudu kan je wurin mai kanti ya ci bashin gari da taki, ya jinginar da amfanin gonar da ko shuka bai yi ba, kuma farashin bashi ya fi na kuɗi hannu nesa ba kusa ba. Kaka ta yi, auduga ta faɗi, mai kanti ya buɗe littafi ya ce masa da saura. Baɗi ma haka. Wanda ya san ba-da-kaka a ƙauyukanmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Yamma kuwa, kamfanonin jirgin ƙasa ne ke yanka kuɗin dakon alkama yadda suka ga dama.

Da tura ta kai bango, ƙungiyoyin manoma suka kafa Jam'iyyar Jama'a. A taron Omaha na 1892 suka nemi mai yawan samu ya fi biyan haraji, jama'a su zaɓi sanatoci da kansu maimakon majalisun jihohi, a riƙa kaɗa ƙuri'a a asirce, gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa. Ɗan takararsu na shugaban ƙasa, James Weaver, ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. A 1896 suka mara wa William Jennings Bryan na jam'iyyar Democrat baya, William McKinley na jam'iyyar Republican ya kayar da shi, jam'iyyar ta watse. Amma a 1913 aka sa harajin samu da zaɓen sanatoci kai tsaye cikin tsarin mulki. Nakan tuna NEPU a nan: ba ta taɓa mulkin Arewa ba, sai ga magajiyarta PRP ta soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979.

Sai dai akwai ɓangaren da ke ci mini rai. Tom Watson na jihar Jojiya, ɗaya daga cikin jagororin Jam'iyyar Jama'a, ya taɓa kiran talaka fari da baƙi su haɗa kai, tunda bashi ɗaya ke cin su. Wannan haɗin ya firgita masu mulkin Kudu, suka ƙara ƙaimi wajen ɗora kuɗin rajistar zaɓe da jarrabawar karatu, suka share baƙaƙen fata daga rajista, har da talakawa farare da yawa. Watson kansa ya juya ya zama mai hura wutar ƙin baƙar fata. Shirin da manoman suka nema na rumbunan gwamnati da zai ba manomi rance mai sauƙi ya ajiye amfaninsa har farashi ya tashi, majalisa ta ƙi shi a lokacin. Baƙar fatan Kudu kuwa sai da suka jira dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965 kafin yawancinsu su sake kaɗa ƙuri'a.