Jogye da Taego: rabuwar limaman Buda a Koriya ta Kudu

Mu a Kano mun saba da zancen ɗarika, don haka tsarin mabiya Buda na Koriya ba zai yi mana wuyar fahimta ba. Babbar ɗarikarsu ita ce Jogye, kuma limamanta ba sa aure. Sabon shiga yakan yi kimanin wata 6 yana shara da girki, sannan shekara 4 yana karatu, kafin ya zama cikakken limami a ɗora masa dokoki 250. Mace kuwa 348. Ƙarfe ukun dare suke tashi, suna shiga halwar wata 3 da bazara da hunturu.

Aure ne ya raba kansu. Mulkin mallakar Japan a Koriya, 1910 zuwa 1945, ya yaɗa auren limamai. A 1954 Shugaban Koriya ta Kudu Syngman Rhee ya umarci limamai masu iyali su bar gidajen ibada, aka yi ta shari'a har da dambe. Masu auren suka kafa ɗarikar Taego a 1970.