Wata uku ina sassaƙa gidan wasan kabuki

Hoto ɗaya ne ya kai ni wajen wani dattijo a Kyoto, ƙasar Japan, mai koyar da bugun hoto da katako, wato mokuhanga. Na Okumura Masanobu ne, na shekarun 1740, yana nuna cikin gidan wasan kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, a Edo, wato Tokyo ta yau. Ginshiƙai da azarar rufi duk sun tsuke sun nufi dandali, kamar ka tsaya a bakin dogon lungu kana hango ƙarshensa. Dabarar Turawa ce, ta shigo ta Nagasaki, inda 'yan Holan da Sinawa ke ciniki. Irin wannan hoto uki-e ake ce masa.

Na ce ni ma irinsa zan yi. Malam bai ba ni katakon ceri ba, wai taurinsa ya fi ƙarfin ɗan koyo, ga tsada. Katakon shina ya miƙo mini, mai laushi.

Kento ne ya fara koya mini hankali, 'yan tsagogi biyu da ake yi a gefen katako don takarda ta zauna wuri ɗaya a kowane launi. Na yi su da gaggawa. Da na murza baren, faifan da ake goga bayan takarda da shi, na ɗaga takarda, sai ga jan kwalliyar ɗan wasa ya sauka a kunnensa. Takarda goma sha biyu da na jiƙa tun dare suka tafi a banza.

Babban kuskuren kuwa da rula na yi shi. Na lura layukan Masanobu ba sa haɗuwa a ɗigo ɗaya, sai na ce bari in gyara masa. Na auna komai daidai wa daida. Ginin ya fito tsaf, amma 'yan wasan sun koma kamar tururuwa can ƙurya, ko takobinsu ba a gani. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wa ka taɓa gani ya biya kuɗin shiga don ya kalli rufi?"

Na sake sabon katako. Na bar ginin da zurfinsa na Turawa, na ƙara wa mutumin da ke kan hanamichi, hanyar nan da ke ratsa 'yan kallo, girman da lissafi bai yarda da shi ba.

Wajen launi ne muka saɓa. Ni ina son jan nan mai ihu na mai zane Toyohara Kunichika, rinin kemikal da aka riƙa shigowa da shi daga Turai a zamanin Sarki Meiji, ƙarshen ƙarni na sha tara. Malam ya ce ido yake ci masa. Na buga biyu, ɗaya da jansa, ɗaya da nawa. Nawa ne a rataye a ɗakina.