Rana a Kano kyauta ce, fitilar asibiti kuwa sai da kuɗi

In na ce wa mutane ina zaune a ƙasar waje dariya suke yi, wai Kanon ce ƙasar waje? To ni dai daga Damagaram na zo, aure ne ya kawo ni, maigida yana harkar atamfa a Kantin Kwari muna haya a Kurna. Kuma gaskiya da farko ni ma ban ji kamar na tsallake boda ba, harshe ɗaya sallah ɗaya tuwo ɗaya, sai dai in na buɗe baki a tsokane ni a ce 'yar Nijar ta fara. Lissafin naira ne ya ɗan ba ni wuya, da wannan tiransfa da kowa ke yi, ko mai kayan miya sai ya ce miki Hajiya turo ta akawun. Inda za ki tabbatar kin bar ƙasarku shi ne ranar da kika shiga asibiti da jinjiri a hannu.

A can gida tun 2006 gwamnati ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta za a duba shi, tiyatar haihuwa ma haka. Ba wai abin yana tafiya sumul ba ne, sau nawa za a ce miki magani ya ƙare je ki saya a waje, amma dai kin tashi da tunanin ba a tsayar da jariri a bakin ƙofa saboda kuɗi. A nan Kano ma akwai shirin kula da masu ciki kyauta a asibitocin gwamnatin jiha, sai dai jama'a ta yi wa gadajen yawa, kuma a Najeriya gaba ɗaya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita kai tsaye.

Na haihu lafiya aka sallame mu, Inna ta zo daga gida don wankan jego. Tun ba a kai ga suna ba farin idon yaron ya fara yin ruwan ɗorawa. Inna ta duba ta ce shawara ce, Hajiya mai gidan da muke haya ita ma ta leƙo ta ce shawara ce 'yata, ba komai, a dinga shanya shi a hantsi kafin rana ta yi zafi a ba shi ruwan gulukos, nata duk haka ta yi musu. Abin da ya ba ni mamaki tsofaffin nan biyu, ɗaya 'yar Damagaram ɗaya Bakanuwa, ba su taɓa haɗuwa ba sai a dalilina, kullum cikin musu suke kan yadda ake dama kunun kanwa, amma a kan maganin shawara bakinsu ya zo ɗaya tsaf.

Jikar Hajiya ce ta ɓata musu shiri, tana karatun nas. Ta shigo barka ta karɓi yaron ta kai shi bakin taga inda haske yake, ta ɗora ɗan yatsa a goshinsa ta danna kaɗan ta ɗaga, wajen maimakon ya yi fari-fari sai ya nuna rawaya. Ta danna a ƙirji haka, ta sauko cikinsa haka, ta buɗe bakinsa ta duba dasashi. Ta ce Anti abin daga kai yake farawa yana sauka ƙasa, in ya kai tafin hannu da tafin ƙafa an makara sosai, kuma mu baƙaƙen fata ba a saurin gani a jikinmu shi ya sa ake dannawa. Ta tambaye ni yana kama nono? Na ce barci ya fi yi, sai na tashe shi. Ta ce ku tashi yanzu. Hajiya ta fara faɗa, ke yaushe aka haife ki, yarinyar ko kallonta ba ta yi ba ta fita tare mana adaidaita sahu.

Asibitin farko da muka je ɗakin jarirai ya cika, fitilun duk da yara a ƙarƙashi, har akwai inda aka haɗa biyu a gado ɗaya. Sista ta ce ko mu jira ko mu gwada wani wajen, kuma ta faɗa mana gaskiya jiran ba shi da amfani ga wannan yaron. Haka muka ƙare a asibitin kuɗi. Can kuma kafin a taɓa shi sai an yanki kati, an biya gwajin jini, an ajiye difozit, sannan fitilar kanta kuɗinta daban ake lissafa shi kwana-kwana ban da kuɗin gado. Maigida yana tsaye gaban mai karɓar kuɗi yana ta buga waya, ni ina zaune da yaro ina kallon rana ta taga tana dukan motoci a waje kamar za ta narkar da su, na ce ikon Allah, ga haske ya yi mana yawa a garin nan amma wanda yaron ke bukata sai mun saya.

Aka tuɓe shi tsirara sai ɗan famfas, aka ɗaure masa ido da wani ɗan ƙyalle mai laushi, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Wallahi ganin farko sai da na yi kuka, ɗan mitsitsi haka ido a rufe yana ta miƙa hannu yana laluben iska, hasken ya mayar da fatarsa wata kala har ba ki iya gane rawayar ma. Ba a yarda ki ɗauke shi sai lokacin shayarwa, kina gamawa ki mayar. Kashinsa ya koma kore-kore mai ruwa na tsorata, sista ta ce alhamdulillahi za ki ce, ciwon ne ke fita.

Likitan ya yi mana bayani da Hausa tas. Ya ce jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini da yawa, suna farfashewa su bar wani sinadari mai launin rawaya da ake kira bilirubin, hanta ce ke tace shi amma hantar jinjiri ba ta gama ƙwari ba sai ya taru. Wajen 6 cikin 10 na jariran da suka cika wata tara suna yin shawara a makon farko, bakwaini kuwa wajen 8 cikin 10, kuma yawanci tana wucewa da kanta, shi ya sa tsofaffi ke ganin hantsinsu da gulukos ɗinsu ne suka yi aiki. Matsalar ita ce waɗanda nasu ya hau sama sosai, don sinadarin yana shiga ƙwaƙwalwa, in ya shiga kuma ba ya gyaruwa, yaro ya tashi kurma ko wuyansa ya ƙi tsayawa ko ya kasa tafiya. Shuɗin hasken nan yana ratsa fata ya canza wa sinadarin siffa yadda jiki zai iya fitar da shi ta kashi da fitsari ba sai ya jira hanta ba. Ya ce shawarar da ta bayyana a ranar farko ta haihuwa kuwa ba a jiranta ko awa ɗaya.

Sai ya yi tambayar da ta sa Inna ta gyara zama, ya ce kun ajiye kayan jaririn da kafur? Namu sababbi ne daga kasuwa, amma wace mace ce a Kano ko Damagaram babu kafur a akwatinta? Ashe akwai wata matsalar jini da ake gada, G6PD suke ce mata, tana da yawa a yankinmu musamman ga 'ya'ya maza, yaro mai ita in ya shaƙi kafur ko aka shafa masa lalle ko man zafi mai mentol jininsa sai ya dinga fashewa da sauri shawarar ta yi tsanani. Akwai kuma saɓanin jini tsakanin uwa da ɗa, wanda macen da jininta yake negetif ake yi mata allura cikin awa 72 bayan haihuwa don kare na gaba.

Gadon kusa da namu wani yaro ne aka kawo daga wajen gari, an yi ta shanya shi a gida ana ɗiga masa maganin ampikulos har ya fara banƙarewa yana wani irin kuka mai tsini, wai da cewa aka yi iska ce. Shi fitila ba ta isa ba, sai da aka yi masa canjin jini ta cibiya, a zuƙi nasa kaɗan-kaɗan a mayar da wani. Uban ya yi ta yawon neman mai ba da jini cikin dare, kuɗin da aka caje su kuwa ya ninka namu nesa ba kusa ba. Kuma uwar da bakinta ta gaya mini tsoron kuɗin asibiti ne ya sa suka zauna a gida, ba rashin sani ba.

Da dare in NEPA ta ɗauke wuta nakan ji gabana ya faɗi, fitilar ta mutu ɗif, sai an tayar da janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, aka zo aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan layin Band A, waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk wani abu da ke cin wuta a asibiti kuɗinsa ya tashi, kuma a kan wa zai sauka in ba mu ba. Na fahimci wannan, amma fahimta ba ta rage mini ko kwabo ba.

Jikar Hajiya ce ta ba mu tarihin fitilar da ta zo dubiya, ina ganin don ta wanke kanta wajen kakarta. A 1956 a asibitin Rochford da ke Ingila akwai wata nas, Sista Jean Ward, mai son fitar da bakwaini waje su sha iska da rana. Aka lura wani jariri jikinsa ya washe sai daidai inda zani ya rufe ne yake nan da rawayarsa. Dakta Richard Cremer da abokan aikinsa suka bi diddigi suka haɗa fitilar farko, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1958. Inna ta ce to ai kin ji, rana ce dai. Kuma tana da rabin gaskiya. Sauran rabin shi ne ranar Ingila ba ta Kano ba ce, tamu tana ƙona fatar jinjiri ta busar masa da ruwan jiki ta ɗaga masa zafi, ɗan mintocin hantsi kuma ba sa isa ga wanda shawararsa ta yi sama, fitila kusan kwana ake yi ana wuni a ƙarƙashinta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ashe a Najeriyar nan aka gwada haɗa biyun. A asibitin haihuwa na Island Maternity a Legas, Dakta Tina Slusher da Dakta Bolajoko Olusanya da sauransu sun kafa wata rumfa kamar ta mai shayi a tsakar asibiti, rufinta wata leda ce ta musamman mai tace hasken rana, tana tare nau'in da ke ƙona fata da wani ɓangare na zafin ta bar shuɗin ya wuce. Jarirai 447 aka yi gwajin da su, aka buga a 2015, rumfar ta yi aiki a kashi 93 cikin 100 na kwanakin jinya, fitilar asibiti kuma kashi 90. Ba abin da za ki haɗa a tsakar gida da ledar kasuwa ba ne, nas na auna zafin jikin yaran kowace awa, waɗanda ciwonsu ya yi tsanani ba a saka su ba, kuma da dare ba rana dole a koma fitila. Amma ki duba, ba janareta ba kuɗin wuta. Akwai kuma wata mata a Bayelsa, Virtue Oboro, da shawarar ɗanta ta sa ta ƙera gadon jarirai mai fitila da ke aiki da sola, Crib A'glow. Garin da kowane shagon cajin waya yake da sola a kan rufi, a ce ƙaramin asibitin unguwa ba shi da irin waɗannan, ni abin bai shige ni ba har yau. Da a ce uwar yaron can ta san akwai rumfa kusa da ita da ba za a tambaye ta difozit ba, ba ta kai mako tana shanya shi a gindin katanga.

Kuɗinmu kuwa ga yadda aka haɗa. Inshorar lafiya akwai ta, ta jiha KSCHMA da ta tarayya da aka yi wa sabuwar doka a 2022, amma ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyarta tunda daga albashi ake cira, ɗan kasuwa in bai kai kansa ya yi rajista ba shi kenan. 'Yan layinsu maigida a Kwari suka yi karo-karo, matan gidanmu suka ba ni kwasar adashe alhali ba layina ba ne, Hajiya da ta yi ta faɗa ita ce ta fara kunce bakin zani ta kuma ce a bar maganar kuɗin haya tukuna. Yayana ya aiko da sefa daga gida maigida ya kai Wapa aka canza, muka ga ta yi auki, don tun da naira ta faɗi a 2023 sefar da ake raina mu da ita a da yanzu ita ce mai nauyi.

Suna muna asibiti aka yi shi, maza suka raɗa a masallaci aka yanka rago, taron mata sai daga baya. Da aka maimaita gwaji aka ga ya sauka aka sallame mu, likita ya ce mu dawo a duba jinsa, aka duba lafiya lau. Inna ta gama kwanakinta ta koma ta hanyar Daura, kafin ta tafi sai da ta zazzage akwatunana ta kwashe kafur ɗin kaf ta zubar ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Har gobe in muna waya cewa take ai da ma ita rana ta ce a sa shi, likitoci dai sun sa wa ranar kuɗi ne. Mu kuma har yanzu muna kan zubin adashen nan, saura na mutum uku mu fita.